Alawar Da Ta Rufe Wa Auta Baki

'Yan uwana mata, musamman ƙannena 'yan makaranta da har yau kuke aiko mani da saƙo kuna tambayar wai me ya sa littafina ya tsaya cak a ƙarshen 2023, na bar maku budurwa tsaye a bakin ƙofa har wata huɗu, ba ta shiga ba kuma ba ta juya ba. Wasu sun ce aure ne ya ɗauke mani hankali, wasu suka ce yanga ce irin ta marubuta. Na daɗe ina ba ku haƙuri ban faɗi dalili ba, don kuwa dalilin akwai kunya a cikinsa, kunyar kuma tawa ce ni kaɗai. To yau dai zan faɗa, ita Auta ma da abin ya faru a kanta ta ce in faɗa.

Tun da na gama sakandare na dawo gida Musawa ba ni da wata sana'a sai rubutu. Da farko a littafin makaranta nake yi ƙawaye su karɓa su yi ta yawo da shi, daga baya na koma waya, can kuma aka fara cewa in riƙa karantawa da muryata don iyayenmu mata da ke son labari amma ba su iya zaman karatu. Sai dare ya raba, gari ya yi tsit, injin niƙan maƙwabta ya mutu, sannan in ja ƙofa in zauna in yi ta karatu, wani lokaci awa biyu ban tashi ba. Ni ce saurayi, ni ce budurwa, ni ce kishiya mai masifa, ita kuwa kishiya sai an ɗaga murya take daɗi. Da safe in tashi maƙogwarona kamar an goga mashi barkono.

Tom Tom na fara sha kamar kowa, wadda ko wane mai tebur yake da ita a kwalba. Ana nan wata rana mun je Funtuwa sayayya na shiga wani kemis na yi ƙorafi, sai mai kemis ɗin ya zaro wani kati daga cikin kwali ya miƙo mani, ya ce, “Malama wannan ba irin ta yara ba ce, kashe wurin take yi.” Tun a mota na jefa guda a baki. Kafin mu wuce Bakori na ji harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba, maƙogwaron ya yi lakwas, na haɗiyi yawu ban ji komai ba. Wallahi ji na yi kamar na tsinci dami a kala. Daga ranar jakata ba ta rabo da kati ɗaya ko biyu, duk wanda ya yi tari a gidanmu ni ce likitarsa.

Bari in tsaya nan in gaya maku abin da ban sani ba a lokacin, don mu duk “alawar maƙogwaro” muke ce masu, alhali ba ɗaya suke ba. Akwai masu sanyi kawai irin Tom Tom, wadda kamfanin Cadbury ke yi a ƙasar nan tun 1970. Sinadarin mentol ne a ciki, yana sa ki ji iska na shiga, yawu ya taru ya jiƙa wurin, iyakarta ke nan. Akwai irin Strepsils ta yau da kullum, da aka fara yi a Ingila a 1958, mai ɗauke da magungunan tsabtace baki da maƙogwaro. Takardarta ta ce guda ɗaya bayan awa 2 zuwa 3, kada a wuce 12 a yini da kwana, kada kuma a ba yaron da bai kai shekara 6 ba. Sannan akwai masu kashe wurin gaba ɗaya, waɗanda ake sa wa lidokain ko benzokain, dangin allurar nan da likitan haƙori ke yi kafin ya cire haƙori, ko wadda ake yi kafin a ɗinke rauni. Su aikinsu shi ne su hana jijiya kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci. Ciwon yana nan zaune daram, ke ce kawai ba ki jin sallamarsa. Tawa daga cikin waɗannan na ƙarshen take. Duk wannan bayani a jikin kwali da 'yar takardar ciki yake, amma kun san yadda muke sayen magani: a ciro maki kati ɗaya tsirara, kwalin ya zauna a kanta. Ni ban taɓa ganin takardar ba, ban kuma taɓa tambaya ba.

Auta ita ce ƙaramarmu, shekararta 12 a lokacin, tana aji ɗaya a ƙaramar sakandare. Yarinya ce mai bakin tsiya, ba ta shiru sai in barci take, ita ce kuma 'yar aikena, ita ke kai mani waya caji, ita ke fara jin kowane babi ta ce wannan saurayin bai yi mata ba. A ƙarshen watan Satumba na 2023 aka sa ranar Asabar za a kawo lefena daga Malumfashi. Lokacin an fara cire masara, tsakar gidanmu ba masaka tsinke, ga ƙura ga ƙaiƙayi, kowa na atishawa. Ranar Laraba da yamma Auta ta dawo daga Islamiyya ta zauna a bakin ɗakin Inna ta ƙi cin tuwo, ta ce wuyanta ke ciwo in ta haɗiyi abu. Inna ta taɓa goshinta ta ce da ɗan ɗumi amma ba can ba.

Goggo, wato yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, tana jin haka ta ajiye carbi ta ce, “Beli ne. Tun tana jaririya na ce a cire aka ƙi. A kira wanzami da safe ya huta da shi.”

Ni kuwa dama jira nake. Na miƙe na fara zuba bayani, na ce beli halittar Allah ce kowa yana da shi, na ce aska ɗaya ake yi wa yara goma da ita, na ce akwai zubar jini, akwai sandar wuya, akwai ciwon hanta da ake ɗauka ta aska. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe kuma ina kan bakana. Amma da kun ji yadda na faɗe shi, da kun san ba Auta ce a gabana ba, so nake a san na yi makaranta. Goggo ta taɓe baki ta ce, “To Malama, ke mene ne naki maganin?” Na shiga ɗaki na fito da katina ina taƙama, na ɓare guda na sa wa Auta a baki. Ba a yi minti goma ba ta haɗiyi yawu ta zaro ido ta ce, “Lah Yaya, ya daina!” Har ta ci loma uku na tuwo. Na kalli Goggo, Goggo ta kalli gefe. Daren nan da daɗin nasara na kwana.

Alhamis ta tafi makaranta da guda uku a aljihu. Ta dawo a gajiye ta kwanta a tabarma, abin da ba halinta ba, na tashe ta na ba ta wata na aike ta gidan mai kitso. In na ce maku ban ga alamu ba na yi ƙarya. Na ji muryarta ta dushe, na ce ƙura ce. Da ta matso kusa da ni na ji wani irin wari daga bakinta, na ce rashin cin abinci ne, na kore ta ta je ta yi asuwaki. Na lura alawar da ke kai ta awa biyu yanzu ko awa ba ta yi take dawowa neman wata, na ce kwaɗayi ne, ai da zaƙi. Kowace alama ta zo sai in yi mata fassarar da ba za ta ɓata mani Asabar ba. Kaina ya tafi ga lalle, da ɗinkin da tela bai gama ba, da cincin da dubulan da za a tari baƙi da su.

Abin da ya fi ci mani rai har yau shi ne safiyar Juma'a. Inna ta yafa mayafi ta ce za ta kai Auta asibiti kafin masallaci, don jikin bai yi mata ba. Ta kira ta ta ce, “Auta, ya wuyan?” Auta ta haɗiyi yawu a gabanta ta ce, “Da sauƙi Inna, ba ya ciwo.” Yarinyar ba ƙarya ta yi ba, ba ta jin komai, don ban fi minti goma da ba ta alawa ba. Na ce, “Inna kin gani ko? Ki bari a gama hidimar nan, in bai bari ba Litinin ni da kaina zan kai ta.” Inna ta yi jim, ta ce, “To, ku ne masu boko,” ta cire mayafin ta rataye. Wannan mayafin da Inna ta rataye a ƙusa, ina rufe ido ina ganinsa.

Asabar da hantsi motoci biyu suka tsaya a ƙofar gida, aka shigo da akwatuna ana guɗa. Ni ina ƙuryar ɗaki da ƙawayena muna leƙe ta labule kamar yadda aka saba. Auta na shiga tana fita da faranti, ta ja hijabi ta rufe har haɓa, na ɗauka kunyar baƙi ce. Har goyon wata daga cikin dangin ango ta karɓa ta yi ta jijjigawa, yaro ɗan wata tara.

A cikin masu kawo lefen akwai babbar yayar ango, wadda yanzu nake kira Anti, ma'aikaciyar jinya ce ta daɗe tana aiki. Bayan la'asar an gama buɗe kaya ana shirin tafiya, Auta ta durƙusa za ta ɗauki kwano sai hijabin ya zame. Anti ta ce, “Ke 'yan mata, zo nan.” Ta sa hannu ta shafa wuyanta, ashe ya kumbura ta gefe biyu tun daga ƙasan kunne har ya shafe haɓa. Ta ce a ba ta cokali mai tsabta, ta ja ta bakin ƙofa wurin haske, ta rufe hancinta da gefen mayafi, ta kunna fitilar waya ta danne harshen. Ina hango fuskarta daga inda nake, na ga lokacin da fara'ar ta ɗauke.

Ta ce, “Kwana nawa?” Inna ta ce tun Laraba. Ta ce, “Me aka ba ta?” Tsakar gida ta yi tsit. Ba shiri na fito daga ɗaki, amarya guda, da lalle a hannu, a gaban dangin miji kaf, na miƙa mata katin. Ta juya shi ta karanta bayansa, ba ta yi mani faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mani sauƙi. Cewa kawai ta yi, “Zo ki gani da idonki.” Na leƙa. Can ciki, gefe da gefe har kan belin da muka yi ta rigima a kansa, wata fata ce ta shimfiɗu, launin toka-toka, kamar tsumman da ya daɗe a ruwa. Kwana huɗu ina ba yarinya magani, ban taɓa cewa ta buɗe baki in duba ba.

Goggo ta matso ta ce a sa yatsa da tsumma a kankare. Anti ta daka mata tsawa, ta manta da surukuta, ta ce, “Kada wanda ya taɓa! Manne take da nama, jini za ta yi, in ta ɓalle kuma ta toshe mata numfashi. Wannan mashaƙo ne nake zargi. A karɓe yaron nan daga kusa da ita, a nemo mota yanzu.”

Mashaƙo. Duk shekarar muna jin sunan a rediyo, tun watan Janairu da hukumar NCDC ta yi shelar ɓarkewarsa, ana ta ambaton Kano da Yobe da Katsina da Bauchi da Borno. Kafin shekarar ta ƙare an tabbatar da shi a jikin mutum fiye da 10,000, mafi yawansu a Kano, akasari yara 'yan ƙasa da shekara 15, ɗaruruwa kuma sun riga mu gidan gaskiya. Amma kun san halinmu, ciwon rediyo na mutanen wani gari ne.

A asibitin da muka fara zuwa aka yi mata allura aka sa mata ruwa, aka ce ainihin maganin dafin babu shi a nan, sai babban asibiti, aka rubuta mana takarda zuwa Kano. Lokacin an yi magariba. Duk wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya san ba mai hankalin da zai hau hanya da dare saboda 'yan bindiga. Baba ya tsaya a bakin mota ya dubi sama ya dubi ƙasa, ya ce sai asuba. Ban taɓa ganin dare mai tsawon wannan ba. An jingina Auta da filo don ba ta iya kwanciya, duk numfashin da za ta ja sai ya yi ƙara kamar ana jan zarto a ɗanyen itace. Ni da Inna muna zaune da takunkumi a fuska, ba mai magana. Wajen ƙarfe biyu ta buɗe ido ta yi mani alama da hannu, na kai kunne, da ƙyar ta ce, “Yaya, ba ni alawar.” Na fita waje na durƙusa a bayan taga na yi kukan da ban taɓa rubuta wa wata budurwa irinsa a littafi ba.

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, muka bi ta Gwarzo. Shi wanda zan aura shi ya aro motar abokinsa ya tuƙa, tun daga Musawa har Kano bai ce mani uffan ba sai “ki yi ta addu'a.” A shekarar gwamnatin Kano da ƙungiyar likitocin nan ta MSF sun ware wurare na musamman don masu mashaƙo, a irinsu aka karɓe mu. Ɗaki ne cike da yara, kowane gado da uwa a gefe. Aka fara gwada mata ɗan kaɗan na maganin a ga ko jikinta zai karɓa, sannan aka sa sauran a cikin ƙarin ruwa.

Wani likita matashi ya tambaye ni ranar da abin ya fara, na ce Laraba, ya ƙirga da yatsa ya ce yau kwana biyar ke nan, ya girgiza kai. Shi ya yi mani bayanin da ya sa ƙafafuna suka yi sanyi. Ya ce ƙwayar mashaƙo a maƙogwaro take zama, amma dafi take saki ya bi jini, ya je ya kama zuciya da jijiyoyi. Maganin dafin, wanda daga jinin doki ake samo shi, dafin da ke yawo a jini kaɗai yake iya kamawa. Wanda ya riga ya shige cikin nama ya shige. Shi ya sa kowace rana ɗaya da aka yi jinkiri tana da tsada. Ya ce ko an yi magani, cikin mutum 100 akan rasa 5 zuwa 10, in an makara kuwa abin ya fi haka. Daga baya na karanta cewa maganin nan ba sabo ba ne, wani likitan Jamus mai suna Emil von Behring ya samu kyautar Nobel a kansa tun 1901. Ku duba fa, sama da shekara ɗari da magani a duniya, ni kuma ina Musawa ina toshe bakin ƙanwata da alawa.

Kwana 16 muka yi. Fatar ta narke a hankali, wuyan ya saɓe, aka ci gaba da ba ta maganin kashe ƙwayar har kwana 14. A sati na biyu bugun zuciyarta ya rikice, aka hana ta ko saukowa daga gado, kullum sai an liƙa mata wayoyi a ƙirji an duba. Yarinyar da ke gadon kusa da mu, 'yar shekara bakwai, wuyanta ya warke har ta fara wasa da 'yar tsana, ranar nan da safe zuciyar ta tsaya. Uwarta ta naɗe tabarmarta ta yi mana sallama ta ce Allah ya ba taku lafiya.

A gida kuwa wata hidimar aka shiga. Ciwon ta tari da atishawa da kofin sha yake yaɗuwa, don haka duk wanda ya zauna kusa da Auta sai da aka bi shi aka ba shi ƙwayoyi na kwanaki aka yi mashi allurar rigakafi: mutanen gidanmu, 'yan ajinsu, ƙawayena, da matan da suka kawo lefe su kusan ashirin. Ba sai na gaya maku irin maganganun da suka tashi a Malumfashi ba. Wata ta ce sun kai akwati sun dawo da ciwo, wata ta ce amaryar da ta ɓoye cutar ƙanwarta don kada a fasa kawo kaya me za ta ɓoye nan gaba. Wannan ta biyun ta fi yi mani zafi don akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kwana goma ina kwana ina tashi da tunanin yaron nan ɗan wata tara. Allah ya taimake ni uwarsa mai kula ce, katinsa cike yake, an yi mashi allurar Penta duka uku, ta sati 6 da ta sati 10 da ta sati 14. Ko atishawa bai yi ba.

Da aka tambayi katin Auta, Inna ta tono shi daga ƙasan kwalla, ya yi ja don tsufa. Layi ɗaya ne kawai aka cike. An yi mata ta farko, lokacin ana kiranta DPT kafin a koma Penta a 2012, ta kwana tana kuka da zazzaɓi, cinya ta kumbura, Goggo ta ce ba za a sake kai ta a huda ba, shi ke nan ba a koma ba. Da na ji haka har na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna laifi tudu ne, na ja bakina na rufe. Ita ma Goggo tun daga ranar ba ta sake ambaton wanzami ba, ta kuma sayar da tunkiyarta ta aiko mana da kuɗin Kano ba tare da ta gaya wa kowa ba.

An ɗaga bikin daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wani dare a asibiti na kira shi na ce in danginsa sun ce a fasa ba zan ga laifinsu ba. Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke, can ya ce, “Kin ci abinci kuwa?” Iyakar amsar da na samu ke nan, ni mai rubuta wa samari kalamai shafi uku.

Anti ce ta zaunar da ni bayan mun dawo, na ce mata na yi rantsuwa ba ni ba alawar maƙogwaro har abada. Ta yi dariya ta ce rantsuwar banza, alawa ba ta yi laifi ba, aikinta ta yi. Ta ce yawancin ciwon maƙogwaro na mura ne, yana zuwa da yoyon hanci da tari, cikin sati guda ya wuce da kansa, a irin wannan babba ya tsotsi alawa ya samu ya ci abinci ba komai, ko ya kurkure da ruwan ɗumi da gishiri, ko ya sha zuma da lemun tsami, in da zazzaɓi a haɗa da farasitamol. Sharaɗin dai a fara dubawa kafin a kashe zafin, a kuma ci gaba da dubawa kullum. In an ga fari ko toka-toka a ciki, ko wuya ya kumbura, ko murya ta canza, ko yawu na dalala don ba ya haɗiyuwa, ko numfashi na ƙara, ko an kwana uku abin gaba yake yi, to maganar ta wuce kemis. Ta ce ko ba mashaƙo ba, akwai wata ƙwayar da ke kama maƙogwaron yara 'yan shekara 5 zuwa 15, zazzaɓi mai zafi ba tari, in ba a sha maganinta na kwana 10 cif ba takan dawo bayan makonni ta kama gaɓoɓi ta lalata ƙofofin zuciya, yarinya ta girma lafiya lau sai ta zo haihuwar fari abin ya tashi. Ta ƙara da cewa mai kashe wuri ɗin nan, in kin sha kada ki bi ta da shayi mai zafi ko abinci nan take, za ki ƙone ko ki ciji harshe ko ki shaƙe ba ki sani ba. Ƙananan yara kuwa ko kusa, don tana iya maƙale masu, kuma a Amurka tun 2018 hukumar magunguna ta hana sa wa 'yan ƙasa da shekara 2 benzokain a baki saboda yana iya hana jini ɗaukar iska.

Mun ɗauka an gama, ashe dafin bai gama da mu ba. Sati uku da dawowarmu Auta na shan koko da safe sai ga shi yana fitowa ta hanci. Muryarta ta koma ta hanci, in ta ce “Yaya” sai ki ji kamar daga cikin tulu. Likita ya riga ya gaya mana hakan na iya faruwa, dafin ne ya taɓa jijiyar ganɗa, kuma yakan saki da kansa, amma ji daban gani daban. Wata guda cur Inna na ba ta kunu mai kauri da cokali kaɗan kaɗan tana zaune a miƙe. Zango ɗaya ta rasa a makaranta. Yarinyar da ba ta shiru ta koma magana da hannu don kada yara su yi mata dariya. Ni kuwa ko kallon wayar ɗaukar murya ban iya yi, to ku gaya mani da wane baki zan karanta maku soyayya.

Sai wajen ƙarshen Disamba muryar ta dawo. Ranar da na tabbatar ta dawo ita ce ranar da na ji ta daga bayan gida tana rigima da yaron maƙwabta a kan kaza, unguwa guda na jinta. Inna na tankaɗe ta ajiye rariya ta ce, “Alhamdu lillahi, masifa ta dawo.” Aka ƙarasa mata allurar rigakafinta, don wanda ya yi mashaƙo ma sai an yi mashi, ciwon ba ya hana a sake kamuwa.

Hutun da ya wuce ta zo mani kwana biyu a Malumfashi, ta zama budurwa har ta fi ni tsawo. Hunturu ya shigo, na yi karatun dare muryata ta shaƙe, ina zaune ina tsotsar alawata sai ga ta ta shigo tana gyaran murya, ta miƙo hannu ta ce, “Yaya, sammani guda, wuyana ke ƙaiƙayi.”

Na ce, “Ɗauko cokali.”

Ta ce, “Kai Yaya, ƙura ce fa, shara na yi.”

Na ce, “Ɗauko cokali, ki zo nan bakin ƙofa.”

Ta tafi kicin tana gunaguni, ta dawo ta durƙusa a gabana, na kunna fitilar waya, ta wangame baki tana dariya har cokalin na rawa a hannuna.